Sunan da ke Ƙarƙashin Mutum-mutumin Inna

Zuwa ga Yaya Sahabi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta ƙane zuwa ga wansa, da fatan Allah ya yalwata maka makwanci, ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi. Na san ba za ka karanta wagga takarda ba. Ko kana raye ma sai an karanta maka, tunda boko bai taɓa damunka ba, ajaminka ya ishe ka. Amma likita ya ce in rage magana saboda tarin nan, abin da ke cikina kuma ya ƙi zama wuri ɗaya, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka san ni, Yaya. Na bar Fakku da riga biyu a cikin leda. Ban gaji ko allura ba. Aji uku na yi a sakandare, na ƙara ɗaya da ƙyar, na fita. Na fara da sharar wurin gini a Tambuwal, ina kwashe garin filastar da masu silin suka zubar. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, da ido na saci sana'ar. Yau daga Tambuwal zuwa Jabo zuwa Kebbe, babu gidan mai hali da za ka shiga ka ɗaga kai ba ka ga hannuna a sama ba. Na gina gida fuɗu. Na je Makka sau biyu, na kai matata. Mutanen da a da nika ɗauko wa ruwa a bokiti, yanzu su ke tashi su ba ni kujera. Duk wanga ba da taimakon kowa ba, ba wanda ya taɓa ce mini ungo.

Haka nika faɗa a kowane suna da kowane ɗaurin aure, ka sha ji. Na tuna ranar sunan ɗana na fari, na miƙe ina wagga magana, kai kana gefen tabarma da tsohuwar hularka. Da na kai wurin ba wanda ya taimake ni, sai na ji ka ce haka ne. A hankali ka faɗe ta, ba da gatse ba, kana kallon ƙasa. Yaya, wanga haka ne naka shi ke bina yanzu duk inda na sa ƙafa.

Bari in ba ka labarin gida tukuna, don na san shi za ka fara tambaya. Damina ta yi kyau. Geron gonarka ta bayan fadama ya yi kai, 'ya'yanka maza sun yi mata noma biyu ba wanda ya tura su. Hajo matarka ta fita takaba, ta rame amma tana lafiya, ta ce in ta ji kiran sallar asuba har yanzu sai ta juya ta tashe ka. Hanyar Kebbe tana nan yadda ka bar ta, in an yi ruwa sai babur, shi ma sai mai ƙarfin hali. An sa sabuwar lasifika a masallacinmu. Wanda ke kiran sallar yanzu muryarsa kamar ana jan kwano a ƙasa, tsofaffi na ta gunaguni, amma ba wanda ya ce da Sahabi ne. Sun mance ka taɓa zama ladan. Ko kuwa sun tuna, suna jin nauyin faɗi.

Ɗiyarka Balkisu tana shekarar ƙarshe a jami'a. Ita ce dalilin wagga takarda.

Ranar rabon gado aka buɗe adakarka. Littattafai ne a sama, sai tasbahar Baba, sai can ƙasa wani ƙunshi a cikin tsohon kallabin Inna, mai ruwan toka ɗin nan. Balkisu ce ta kwance shi. Ga shi nan, Yaya, mutum-mutumin nan na farar filasta, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba: mace zaune kan turmi, kanta ya karkata gefe, hannunta na dama buɗe a kan gwiwa, ba ta da fuska. Wanda ka rantse wa dattawan Fakku ka jefa a gulbi shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Wani daga cikin masu rabon ya ja da baya yana neman tsari, ya ce ashe dai Mai Gunki bai rabu da gunkinsa ba. A gabana ya faɗa, kwananka arba'in da biyu a ƙasa. Ni kuma na yi abin da na saba. Na yi shiru.

Balkisu ba ta ji tsoro ba. Ta naɗe shi ta sa a jakarta, ta ce wanga shi ne gadonta, a bar wa maza gona. Ta tafi da shi Sakkwato ta nuna wa wata malamarsu, Dakta ce, mai nazarin zane da sassaƙa. Sati uku da suka wuce sai ga su a shagona su biyu. Dakta ta ce ta zo wurina ne don ni ƙanenka ne, kuma an ce babu wanda ya san filasta kamata a wanga yanki. Ta ɗora shi kan teburina, tsakanin buhunan gari, ta sa safar hannu kafin ta taɓa shi. Safar hannu, Yaya! Abin da aka tsinto cikin rumbu tsakanin kashin ɓera.

Sai ta shiga yi mini bayaninsa. Mace ce mai ilimi da ladabi, ba zan ɗauki alhakinta ba, kuma maganarta da daɗin ji. Wai rashin fuskar da gangan ne, mai aikin malami ne mai tsoron Allah, ya tsaya daidai iyakar da addini ya shata masa, ya ƙi ƙarasa halitta. Wai karkatar kan nan kunya ce da kawaici irin na matan ƙauye. Wai buɗaɗɗen hannun ko addu'a ce, ko kuwa roƙo ne na shekarar yunwa, ita ta fi karkata ga addu'a. Ta juya shi ta nuna mini ƙasansa, inda aka karce suna da ajami: Sahabi. Ta ce ta gwada rubutun da na gefen littattafanka, hannu ɗaya ne, babu tantama. Saboda haka aikin na gaske ne, naka ne, kuma za a ajiye shi cikin gilashi a zauren nuni, da ɗan kati a gabansa mai sunanka.

Ina zaune ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Balkisu na gefe idonta ya cika da hawaye, tana murmushi. Tun tana 'yar ƙarama ake ce mata ɗiyar Mai Gunki a bakin rijiya. Yau ga mai digiri uku na kiran ubanta gwani.

Kafin su tashi Dakta ta tambaye ni ko zan iya zuba mata irinsa guda, don ɗalibai su riƙa taɓawa a bar na ainihin ya huta. Na ce a'a. Ta ɗauka gazawa ce. Ta ce kada in damu, ta fahimta, ai aikin silin daban wanga daban, furen silin kowa ya samu ma'auni zai zuba ɗari, amma irin wanga sai hannun da Allah ya zaɓa. Ta faɗa ne don ta sanyaya mini rai. Ni, Ummaru, a cikin shagona. Sai da na riƙe gefen tebur.

To Yaya, kai da ni mun san rubutun naka ne. Rubutun kaɗai.

Ban taɓa gaya maka yadda aka yi ba, kai ma ba ka taɓa tambaya ba. Bari in faɗa yau.

Ka tuna Inna ta rasu da damina ina aji uku, hanya ta yanke, ban iso ba sai da aka kwana biyu da rufe ta. Ba ta da hoto ko ɗaya, ka san yadda take gudun mai hoto. Da hutu ya zo ina leburanci a wani gini a Tambuwal, na ga yadda garin nan fari ke zama dutse cikin ɗan lokaci, ya riƙe duk siffar da aka ba shi. Na share ragowar na ƙulla a leda na taho da ita gida. Ban yi niyyar tsafi ba, Allah shi ne shaida. Tsoro nika ji kada in mance ta. Wata fuɗu kawai da rasuwarta, in na rufe ido sai in ga zanenta, in ga hannunta, fuskar kuma tana ta narkewa.

Da hantsi ne, kowa ya tafi gona, na zauna bayan rumbu. Na lanƙwasa wayoyin ƙafar tsohon kekenka guda uku na yi mata ƙashi. Na kwaɓa garin a ƙwaryar da na yi gwaji da ita kwana ɗaya kafin nan, ban wanke ba. Yanzu ko sabon lebura ya zo wurina abin da nika fara gaya masa ke nan: kada ka kwaɓa sabuwar filasta a kan ragowar tsohuwa, kamawa za ta yi kafin ka shirya. A lokacin wa zai gaya mini? Na fara daga ƙasa, turmin, ƙafafu, naɗin zane, hannu. Na bar fuska sai ƙarshe don ina son in ba ta duk natsuwata. Ina kai wa wuya na ji abin ya fara tauri. Na shafa kan da sauri, kafin in sa yatsa in fitar da ido ya riga ya kama.

Wanga shi ne tsoron Allah da Dakta ta gani. Ƙwarya ce ba a wanke ba.

Kuma ba zan ɓoye maka ba, ana iya sassaƙa filasta da wuƙa bayan ta bushe. Na sani, har na ɗauko wuƙar. Na riƙe ta a kan wurin da ido zai zauna, sai na tarar ban san inda zan fara ba, fuskar ta tafi gaba ɗaya. Kuma wane ɗa ne zai ɗora wuƙa a fuskar uwarsa?

Kan da ya karkata, kai ka san ba kunya ba ce. Inna da za ta tsaya tsakar kasuwar Kebbe ta wanke mai awo tas a kan mudu? Kunnenta na dama ne ya toshe tun zazzaɓin da ta yi, sai ta juyo na hagu in ana mata magana. Hannun kuma ba addu'a take ba. In ta gama daka takan kifa turmi ta zauna, ta buɗe tafin hannunta iska ta buge shi saboda zafin taɓarya, ta ƙwala mini kira in zo in shafa mata man shanu. Aikina ne tun ina ƙarami, ta ce hannunka kaushi gare shi, nawa ne mai laushi. Ranar da zan koma makaranta, komawar da ban sake ganinta ba, haka take zaune. Ta kira ni. Na ce mata mota za ta tafi ta bar ni, in na dawo. Na fita tana nan da hannu a buɗe. Abin da na zuba ke nan, Yaya. Hannun ni yake jira.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko matata. Filasta in tana kamawa zafi take ɗauka. Yau na san haka garin yake, kowane buhu haka ne. A ranar ban sani ba. Ina riƙe da ita a tafin hannuna sai na ji tana ɗumi, ɗumi irin na jikin mutum, yana ƙaruwa. Nan take karatun da ka yi mana a zaure ya faɗo mini, cewa wanda ya siffanta mai rai, ranar tsayuwa za a ce ya hura masa rai, kuma ba zai iya ba. Na ce shi ke nan, ta fara yin rai. Na kusa sakin fitsari. Na cusa ta cikin rumbu ƙarƙashin damman gero na gudu fadama, ban dawo ba sai azahar. Shekara talatin ina aikin nan, har yau in kwaɓi ya ɗumama a hannuna sai gabana ya faɗi. Ka taɓa lura ban taɓa zuba ko tsuntsu a silin ɗin kowa ba? Fure, tauraro, igiya, shi ke nan. An sha roƙona in yi dawisu ko doki, in ce ba ya cikin tsarina. Ka lura, na sani. Ranar da ka zo gidana na Tambuwal ka daɗe kana kallon sama, sannan ka ce hannun bai mance ba. Na yi kamar ban gane ba, na ce a kawo maka fura.

Sauran labarin kai ka fi ni saninsa. Matar Baffa Manu, wanda ke riƙe da gidanmu, ta shiga ɗibar gero ta fito da ihu. A shekarar yara biyu sun rasu a gidan, saniya ta faɗi ba ciwo, mutane na neman abin da za su ɗora wa. Baffa Manu ya rantse in ɗan bokon nan ne ya kawo musu shirka gida, to karatunsa ya ƙare, kuma ya nemi wani gidan. Kowa ni yake kallo, wa ke zuwa Tambuwal in ba ni ba? Kai ka karɓi abin ka ce za ka ajiye shi zuwa la'asar a kai gaban liman. Ka shiga ɗakinka da shi. Sai daga baya na gane abin da ka yi a ciki da ƙusa.

Bayan la'asar a ƙofar masallaci ka miƙe ka ce kai ka yi. Liman bai yarda ba, ya ce Sahabi kada ka rufa wa wani asiri da mutuncinka. Sai ka juya ƙasan ka nuna musu sunanka. Ina tsaye bayan mutane kusa da tulun alwala. Tazarar da ke tsakanina da kai ba ta kai taku goma ba. Kalma biyu ce, ni ne. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai na tuna jarrabawa, na tuna Tambuwal, na rufe.

Aka karɓe ladanci. Aka daina zancen na'ibin liman da ake yi maka. Iyaye suka kwashe 'ya'yansu daga zaurenka ɗaya bayan ɗaya. Kai da ake cewa muryarka har Fulanin rugar gabas na tashi da ita, ka koma sahun baya, ka koma fartanya. Washegari ka ɗauke ni a keke ka kai ni bakin hanya, ka ce in yi karatu da kyau. Iyakar abin da ka ce ke nan. Mi ya sa ba ka zage ni ba? Mi ya sa ko sau ɗaya cikin shekarun nan ba ka ja ni gefe ka ce Ummaru, ya isa haka, je ka faɗa musu? Da ka yi, da wataƙila na ji haushinka na samu sauƙi.

Na yi maka rufin kwano. Na aiko da shinkafa kowane azumi. Na ce zan kai ka Makka ka ce ƙafarka ba za ta iya ɗawafi ba, alhali kana tafiya gona da ita kullum. Duk abin da hannu ke bayarwa na ba ka. Abin da baki ke bayarwa ne na hana ka. Da aka ce jikinka ya yi tsanani na taho da niyyar in durƙusa in nemi gafara. Na tarar da ɗakin cike da mutane, na ce bari su ragu. Suka ragu, na ce bari ka farka. Ka farka ka kama hannuna, na ce maka ya jiki. Ya jiki, Yaya! Da safe aka kira ni, aka ce ka cika.

Yanzu ga inda nike. Ƙurar filasta ta cika mini huhu. An ɗauki hoton ƙirjina a asibiti, likita ya ɗaga shi ga haske ya nuna mini fari-fari kamar an watsa gari, ya ce in bar shago. Bai ce saura kaza ba, amma na ga yadda ya kauda ido. Ina hawa matakala uku sai na zauna. Ina jin tsoro, Yaya. Ni da nika cewa ban san tsoro ba.

Ba mutum-mutumin ne ya fi ba ni tsoro ba. Na tambayi wani malami a kaikaice, kamar labarin wani ne, ya ce yaro ne, jahilci ne da maraici, ƙofar tuba a buɗe take. Sai na ce to in wani ne ya ɗauki laifin har ya mutu da shi fa? Malamin ya ce wanga kuma haƙƙin ɗan'adam ne, sai mai shi ya yafe. To ina zan same ka? Na san Allah ya san wanda ya kwaɓa, ƙusa ba ta ruɗinsa. Amma an ce shaidar mutane a kan mamaci tana da nauyi, ga shi har a kan gadonka ana ce maka Mai Gunki. Yanzu kuma za a rubuta shi da injin, a sa cikin gilashi, baƙi su zo su karanta shekara da shekaru. Ƙaryar da ka yi da ƙusa don ka cece ni za ta zama gaskiyar da ke cikin littafi. In na mutu ban yi magana ba, babu sauran wanda ya sani a bayan ƙasa.

Kuma kada in yi maka wata ƙaryar a kan ta farko. Ba tsoro kaɗai ke tura ni ba. Tun ranar da Dakta ta ce sai hannun da Allah ya zaɓa, wani abu ke ci na. Hannuna ne! Ina ɗan shekara sha shida, ba malami, ba ma'auni, da wayar keke da ƙwarya mai datti, na yi abin da masu digiri ke sa wa safar hannu. Lokacin da abin kunya ne na bar maka shi. Yanzu da ya zama abin yabo nika son in karɓe. Ka ga irin ƙanen da Allah ya ba ka? Na zauna na yi ta tankaɗe zuciyata in raba tuba da son a sani, sun ƙi rabuwa, kamar gari da ruwa in sun riga sun kama. Ina tsoron in tashi gaban jama'a in ce don Sahabi nika yi, alhali mala'iku na rubuta don kansa.

Sai Balkisu. Ita nika tsoro fiye da dattawan Fakku gaba ɗaya. Abu ɗaya ta samu da ta ɗaga kai da shi a kan ubanta, ni kuma zan zo in fizge. Za ta gane gidan saman da take sauka in ta zo hutu, a kan muryar ubanta aka gina shi. Da wane ido za ta dube ni? Za ta sake ce mini Baffa? Ko za ta ce tsohon ya ga abu ya yi daraja shina son ya ci gadon mamaci?

In ta ce haka, ina da shaida, kuma hoton ƙirjin nan ne ya tuna mini. Injin da ya leƙa cikina zai iya leƙa cikin siffar Inna ba tare da an fasa ta ba. Su kai ta. Za su ga wayar keke uku, ɗaya ta lanƙwashe biyu a wurin gwiwa. Kuma a ƙirji, ɓangaren hagu, za su ga ɗan kunne guda na jan ƙarfe. Nata ne, wanda Hajo da sauran mata suka yi ta nema bayan wankan gawa ba su gan shi ba, ɗan'uwansa kaɗai suka samu. Ni na tsince shi a bakin murhu na ɓoye, na tura shi ciki tun kwaɓin na da taushi. Ko kai ba ka san da shi ba. Suna a waje kowa na iya karcewa. Abin da ke ciki sai wanda ya sa.

Abu ɗaya ne a jikinta ban yi ba. Da Dakta ta miƙo mini ita na duba, na ga tafin hannun nan ya yi duhu, ya yi sumul har yana ƙyalli, sauran jikin kuwa fari ne mai ƙura. Dakta ta ce tana ganin wani mai aka shafa don ado. Ni na san filasta. Ba mai ba ne, yatsa ne. Babban yatsan mutum ne da ya daɗe yana shafa wuri ɗaya, shekara bayan shekara. Ashe kana buɗe adakar. Ashe aikin da na ce in na dawo, kai ka riƙa yi mata shi, da hannun nan naka da ta ce kaushi gare shi. Wanga kam naka ne, ba zan taɓa shi ba, kuma zan gaya wa Balkisu ta san abin da ubanta ya yi ya fi zuba filasta wuya.

Gobe Alhamis za ta zo da katin, wai in duba mata ko an rubuta sunan kakanmu daidai kafin a buga. Zan zaunar da ita in karanta mata wagga takarda tun daga sallama, don in na ce da baki zan yi, na san halina, zan ce mata ya karatu. Jibi Juma'a kuma, in Allah ya kai rai, ko a bayan babur ne sai na isa Fakku. In an sallame zan tsaya daidai inda ka tsaya, ba bayan tulu ba. Numfashina ba ya kai dogon zance yanzu, amma zai kai kalma biyu.

Bayan nan su yi yadda suka ga dama da siffar Inna, su sa a gilashi ko su mayar cikin kallabi, Balkisu ke da iko. Amma a goge sunanka daga katin. A mayar maka da wanda aka karɓe, in za a ambace ka a ce Ladan Sahabi. Wancan aikin kuma, da yabonsa da zunubinsa da sunan da ake kira a bakin rijiya, nawa ne, kuma ina son abina. A rubuta shi da manyan baƙaƙe yadda mai raunin ido zai gani: Ummaru ne ya yi. A rubuta da boko, a rubuta da ajami. In ranar tsayuwa aka ɗaga ta aka ce ina mai wanga, kada ka motsa, Yaya. Ka zauna abinka. Wanga karon ni zan tashi.

Ka yafe mini in ana yafiya daga inda kake. Ka gaida Inna, ka ce mata ina tafe, kuma ban mance da man shanun ba.

Sai mun sadu.

Ƙanenka,
Ummaru na Fakku, mai silin a Tambuwal, wanda ya yi shi da hannunsa.